Ƙishirwar Inji

Da asuba na gangara fadamar Daberam,
galan a hannu, rabinsa iska.
Albasata ta sunkuyar da kai kamar wadda aka yi wa faɗa.
Ga ruwa kwance, taku arba'in da fangalina,
amma sai inji ya sha kafin ita ta sha.

Ja ne injin, mai tarin tsofaffi,
rani shida muna tare.
A da in na ba shi lita huɗu, sai ya yi ta guɗa har azahar.
Yanzu kallon-kallo muke,
kamar mai bin bashi da wanda ake bi.

Jiya na je gidan mai a hanyar Kongolam,
layi tun daga famfo har gindin darbejiya.
Yaron da ke riƙe da tiyo bai ko ɗago ba.
Na zuba wa allon ido:
kuɗi na sukuwa, lita na rarrafe.
Na biya wajen Tanimu ɗan bumburutu,
ya ɗaga kwalba ya haska ta a rana,
ya ce, "Baba, ni ma yadda na sayo,
kunyar faɗa maka nake ji."

Ran kasuwa masu neman ƙuri'a suka iso da lasifika.
"Namu za mu haƙo! Namu za mu tace!
An gama jiran jirgin ruwa daga ƙasar wasu!"
Aka yi tafi. Ni ma na yi,
don maganar ta yi min daɗi,
kuma wallahi ina so ta tabbata.
Sai dai mota goma sha ɗaya na ƙirga a ayarinsu,
ba wadda aka kashe
tun daga bisimilla har addu'ar tashi.
Mati ya matso kunnena:
"Abin da suka ƙona a tsayen nan
ya ishi albasarka har ranar cira."

A gida Barira ta ce niƙa ya tashi.
Ta tono dutsen niƙan uwarta daga bayan rumbu,
ta wanke shi kamar baƙon da ya sha hanya.
Likita ya ce ta koma Katsina a duba gwiwa.
Ta ji kuɗin mota,
ta ce gwiwar ta yi sauƙi.

Lurwanu, ɗana, mai gyaran waya a tasha,
ya zo da tukunyar gas ya ɗaura wa injin.
Kwana tara muna dariya,
kafin gas ya ji labari ya bi sawun yayansa.
Yanzu zancen farantin sola yake:
"Baba, ranar da ke ƙona maka ƙeya
ita za ta ja maka ruwa, ba ta karɓar ko sisi."
Na tambayi kuɗin farantin. Ya faɗa.
Na dubi bijimina a turke,
shi ma ya daina tuƙa ya dube ni.

To, ga ni dai.
Na tsiyaya abin da ke galan har ɗigon ƙarshe,
na ja igiya sau uku, ya yi tari, ya kama.
Fangali ashirin gare ni.
Sha biyu za su sha,
takwas na gefen gabas ban iya kallon su ba.

A bakin ruwa akwai wani kututture
inda kakana ya kafa jigo,
guga ɗaya, gora ɗaya, da ƙashin bayansa.
Mun sha yi masa dariya muna yara.
Yau na auna ramin da ƙafa,
na aika Lurwanu ya aro gatari.

Su haƙo, Allah ya ba su sa'a.
In man namu ya iso Daura,
a ce masa ina gefen gabas.